Injin zarton yankan ado: abin da dokar kayan aiki ta Birtaniya ta ɗora wa mai shago

A cikin injinan kafinta babu wanda ake rainawa kamar ƙaramin injin nan na yankan ado, mai siririn zarto da ke hawa da sauka kamar allurar keken ɗinki. Da shi ake fitar da haruffa da furanni da kayan wasan yara daga katako ko filawud. Tsawon zarton inci 5 ne, kimanin santimita 13, kuma a yawancin injinan ana iya murɗa gudunsa daga kusan bugu 400 zuwa 1,600 a minti ɗaya. Idan ya taɓa yatsa galibi yanka ne kawai, ba ya guntulewa kamar babban zarto mai juyawa. Shi ya sa ake miƙa shi ga sabon yaro tun ranar farko, a ce masa ya gwada hannunsa.

Dokar Birtaniya ba ta san wannan rainin ba. Ƙa'idojin samar da kayan aiki da amfani da su na 1998, waɗanda aka fi sani da PUWER, sun hau kan duk abin da ake aiki da shi a wurin sana'a, daga guduma har babban inji. Sun fara aiki ranar 5 ga Disamba 1998 a Ingila da Sikotland da Wels, kuma hukumar HSE, mai kula da lafiya da tsaro a wurin aiki, ita ce kan gaba wajen bin diddiginsu a shagunan kafintoci. Nauyin yana wuyan mai ɗaukar ma'aikata da duk wanda injin ke ƙarƙashin ikonsa. Wanda ya sayi inji don sha'awa yana yanka a garejin gidansa, dokar ba ta kai kansa ba, ko da yake zarton bai san wannan bambancin ba.

Babu inda dokar ta ambaci wannan injin da sunansa. Sai mutum ya ɗauki sassanta ɗaya bayan ɗaya ya ɗora su a kan injin.

Sashe na 20 ya ce a kafa inji ya zauna daram, da ɗauri ko wata hanya. Injin yankan ado yana jijjiga, kuma idan aka ajiye shi haka kawai a kan benci zai riƙa rarrafe har ya kai baki. A ƙasansa akwai ramuka da aka yi don wannan. A zura noti a ɗaure shi da benci mai nauyi, a shimfiɗa roba mai kauri tsakani. Benci mai rami a ciki kamar akwati ƙara wa injin amo yake yi. Sashe na 21 kuwa kan haske ne. Fitilar rufi ba ta isa, domin kan mai yanka da hannun injin na sama su ke jefa inuwa daidai kan layin. Ƙaramar fitila mai lanƙwasuwar wuya daga gefe ta wadatar.

Makunni yana da nasa sassan. Na 14 ya ce inji kada ya tashi sai mutum ya taɓa makunni da gangan, na 15 ya ce makunnin kashewa ya kasance inda hannu zai kai nan take. Ga inda ake faɗawa: wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka, mai aiki ya manta bai kashe ba, ya sa hannu yana ciro katakon da ya maƙale, sai wutar ta dawo. Makunnin da ya dace shi ne wanda ke sakin kansa da zarar wuta ta yanke, ba ya komawa sai an sake dannawa. Idan injin ya zo da makunni na gama-gari, ana sayar da irin wancan a akwati daban a haɗa a kan waya. Masu amfani da makunnin ƙafa su sani cewa ƙafa tana takawa ba da niyya ba, don haka a sa masa murfi. Sashe na 19 ya ƙara da cewa dole a sami hanyar raba inji da wuta gaba ɗaya. A nan fulogi ne. Duk lokacin da za a sauya zarto, a zare shi daga soket, a ajiye shi a kan tebur inda ido ke ganinsa.

Ɗaura zarton shi ne inda sashe na 4, mai cewa kayan aiki su dace da aikin, ya haɗu da sashe na 12, mai cewa a hana wani ɓangare ya karye ko ya yi tsalle ya sami mutum. Zarto iri biyu ne, mai 'yar ƙusa a kowane kai da ake rataya shi, da maras ƙusa da ake matsewa da sukuru. Ko wanne ne, haƙora su kalli mai aiki, tsininsu ya kalli ƙasa. A shafa yatsa a hankali daga ƙasa zuwa sama, idan ya kama to daidai ne. Dalili shi ne zarton yana yanka ne yayin da yake sauka, yana danne katako a kan tebur. Idan aka juya shi, kowane bugu ɗaga katakon zai yi ya buga shi ƙasa, kuma yatsun da ke riƙe da shi su ne a tsakani. Akwai zarton da 'yan haƙoransa na can ƙasa suke kallon sama don kada bayan katako ya yi gashi, wannan haka aka yi shi, amma yana ɗan ɗaga katako, sai an ƙara dannewa.

A fara matse kan ƙasa, sannan na sama, sannan a ja ɗaurin. Gwajin da masu aikin ke yi ba shi da wuya: a tura zarton gefe da yatsa, kada ya kauce fiye da milimita 3, a kuma taɓa shi kamar tsirkiya, ya ba da siririn amo mai tsabta. Idan ya yi sako-sako zai lanƙwashe a cikin katako mai kauri, saman yankan ya bi layi ƙasan ya kauce, daga nan ya karye. Idan aka ja shi fiye da kima zai zame daga matsewarsa ko ya tsinke. Sabon zarto yakan zo da ɗan maiƙo, shi ma yana sa zamewa, a goge kawunan biyu da sanfefa. Lambar zarto kuma tana tafiya da kaurin katako. Ƙananan lambobi, 2 ko 3, na siraran faifai ne, 5 zuwa 7 na katakon da ya kai santimita 2, 9 zuwa 12 na mai kauri. A kowane lokaci aƙalla haƙora uku su kasance a cikin katakon. In ba su kai ba, haƙori zai cafki gefen faifan ya fizge shi.

Teburin yana karkata, yawanci har digiri 45, kuma ma'aunin da ke ƙasansa ba abin dogaro ba ne. A yi ɗan yanka a guntun katako mai kauri, a kashe inji, a zagayo da guntun ta bayan zarto ba tare da an kifa shi ba. Idan zarton ya shige tsagar sumul, teburin ya miƙe.

Sashe na 11 shi ne ƙashin bayan dokar, kuma shi ne ya fi wuyar ɗorawa a kan wannan injin. Ya ce a hana jiki kaiwa ga ɓangare mai haɗari, ya kuma jera hanyoyin bisa fifiko: kafaffen murfi da farko, in bai yiwu ba wani irin murfi ko na'urar kariya, in bai yiwu ba abin riƙe katako ko sandar turawa, tare da bayani da horo da sa ido. Ƙasan tebur babu gardama, murfin da ke rufe hannun ƙasa da abin da ke juya shi ya zauna a wurinsa. Sama ne matsalar. Ba za a iya rufe zarton ba, tunda katakon sai ya juya ta kowace fuska a kewayensa. Abin da masu ƙera injin suka tanada shi ne 'yar ƙafar ƙarfe mai baki biyu da ke danne katako, wani lokaci da ɗan shinge a gabanta. Gaskiya ita ce masu dogon hannu a aikin da yawa suna cire ta, suna cewa tana tare musu layi. A garejin mutum wannan ruwansa ne. A shagon da ke da ma'aikata kuwa, mai shagon da ya bari aka cire ta zai sha wuyar nuna cewa ya bi jerin da sashen ya gindaya. Ma'aikacin da ya cire da kansa shi ma bai kuɓuta ba, domin dokar lafiya da tsaro a wurin aiki ta 1974 ta hana taɓa abin da aka sa don kariya. Yawancin ƙorafin ma daga rashin saiti yake zuwa. A sauko da ƙafar ta taɓa katako kawai, yadda zai zame ƙarƙashinta ba turjiya amma ba zai iya tsalle ba, a sake saita ta duk lokacin da kauri ya sauya.

Sauran kariyar a hannu take. Yatsu su zauna hagu da dama da layin, kada ɗaya ya tsaya a gaban haƙora, musamman a ƙarshen yanka inda katako ke saki farat ɗaya hannu ya zarce. Guntun da ya yi ƙanƙanta a riƙe, a manna shi da gam ko salatif mai fuska biyu a kan babban faifai a yanka su tare. Idan ramin tebur ya yi faɗi har guntaye na faɗawa, a shimfiɗa siririn filawud a kan teburin da tsaga daidai zarto. Ban da safar hannu, domin haƙori yana kama zare ya ja. Haka ma hannun riga mai lilo, da zobe, da dogon gashi da ba a ɗaure ba. Tabarau kuwa dole ne, don kan zarton da ya karye tsalle yake yi, kuma mai yankan ado fuskarsa kusa da aikin take. Kuɗin waɗannan kayan kariya a wuyan mai shago yake, doka ta hana a caji ma'aikaci.

Turawa da ƙarfi shi ya fi karya zarto. A bar haƙora su ci, a riƙa juya katakon a kansu, kada a tura shi gefe. Yawancin zarton da aka buga da inji yana da ɗan kaifi a gefe ɗaya, shi ya sa yake ja dama, sai a ɗan karkata katakon a bi shi. Idan aka ga baƙin ƙuna a bakin yanka ko hannu ya fara ƙara ƙarfi, zarton ya dakushe, a sauya. Yankan ciki kuma da huji ake farawa: a huda, a kashe inji, a saki kan zarto na sama, a zura shi ta ramin, a matse, a sake ja. A zane mai ramuka 40 sau 40 za a yi haka, kuma a nan ne gajiya ke sa a daina kashe inji yadda ya kamata.

Sassa na 8 da 9 sun ce duk wannan sai an koya wa mai aiki, da harshen da yake ganewa, a rubuce inda ya dace. Wanda ke kula da shi ma sai an horar da shi. Sashe na 5 ya ce a kiyaye injin cikin gyara, kuma idan yana da littafin gyara kada a bar shi a baya.

Ƙura ba ta cikin PUWER, tana ƙarƙashin ƙa'idojin COSHH na 2002 kan abubuwa masu cutar da lafiya, kuma a kan wannan injin ita ce babbar barazana. Haƙoransa ƙanana ne, garin da suke fitarwa kamar hoda yake, mai aiki kuma yana sunkuye a kai sa'o'i. Ƙurar katako tana jawo asma, ta katakon bishiyoyi masu faɗin ganye kuma tana iya jawo sankarar hanci. Iyakar da aka sa, a matsakaicin awa 8, miligiram 5 ne a kowace mita kubik ta iska ga katakon dangin fayin, wato bishiyoyi masu ganye kamar allura, miligiram 3 ga na masu faɗin ganye tun 2020. Idan ƙurar gauraye ce, 3 ake bi. Rabon ya bi jinsin bishiya ne, taurin katakon ba ya ciki, har balsa da ake lotsawa da farce tana cikin masu 3. Kasancewa ƙasa da iyakar ma bai wanke mai shago ba, domin ga abin da ke jawo asma ko sankara doka ta ce a rage iyakar yadda zai yiwu.

Ɗan bututun da ke hura iska a kan layi share layi kawai yake yi, ƙurar kuma cikin ɗaki yake watsa ta. A juya bakinsa ya hura nesa da fuska, a haɗa injin zuƙe ƙura a ƙasan tebur inda mafi yawan garin ke zuba, in da hali a ƙara wani baki a sama kusa da zarto. Irin wannan na'urar zuƙa sai an yi mata cikakken gwaji aƙalla kowane wata 14, a ajiye takardar shekara 5. Shara da busasshiyar tsintsiya ko hurawa da iskar kwamfireso tayar da abin da ya kwanta ne, a yi amfani da injin zuƙa mai ajin tace ƙura na M ko sama. Inda ƙura ta rage duk da haka, takunkumi mai lambar FFP3 ake so, kuma sai an gwada shi a fuskar wanda zai sa. Gemu yana hana bakinsa manne wa fata, don haka mai gemu hular da ke turo tacacciyar iska ake ba shi.

Ƙara ba kasafai take kaiwa iyaka a wannan injin shi kaɗai ba, amma idan injin zuƙa ya haɗu da shi lissafi ya sauya. Ƙa'idojin ƙara a wurin aiki na 2005 sun ce daga desibel 80 a tanadi abin toshe kunne ga mai so, daga 85 sa shi wajibi ne. Gwajin gaggawa shi ne a tsaya mita 2 da mutum ana aiki, idan sai an ɗaga murya kafin ya ji, to an kusa 85, a nemo ma'auni a auna.