Ƙwayar barci ba ta warkar da rashin barci

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an haɗiyi diazepam, wadda aka fi sani da Valium, an rabu da rashin barci ke nan. Ba haka abin yake ba. Kamfanin Roche ne ya fito da ita a 1963, kuma abin da take yi shi ne ƙara wa wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna GABA ƙarfi, jiki ya mutu, ido ya rufe. Amma abin da ya hana ka barcin tun farko, bashi ne ko ciwon gwiwa ko shayi mai kauri bayan isha'i, yana nan daram.

Shi ya sa likitoci ba sa so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan ta. Jiki yana sabawa. Ƙwaya ɗaya da ta kwantar da mutum a makon farko, bayan wata guda sai ka ga yana ta juyi a kan katifa har kiran assalatu, ya miƙa hannu ya ƙara ta biyu. Tsofaffi kuwa sukan wayi gari da jiri, a zame a banɗaki a karya ƙugu.

Wanda ya daɗe yana sha kuma, ya yanke ta rana ɗaya, shi ma ya ɗauko wa kansa wata wahalar. Rashin barcin kan dawo fiye da da, ga kyarma ga zufa, wani ma har ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Likita ne ke rage masa ita sannu a hankali. Haɗa ta da giya ko kodin ko tiramol kuwa na iya tsayar da numfashin mutum yana cikin barci.