Wai me ake nufi da "jakar hannu" a jirgin sama?

Duk wanda ya taɓa raka mahajjaci sansanin alhazai ya san zancen "jakar kilo 8", to ita ce dai jakar hannu, wato wadda kake shiga cikin jirgi da ita ka ɗora a akwatin saman kujera ko ka tura ƙarƙashin kujerar gabanka, saɓanin babbar jaka da ake awonta a manna mata takarda a wuce da ita cikin cikin jirgi, sai kun sauka ku haɗu. Sunan ne ke ruɗar mutane. Wai tunda hannu aka ce, duk abin da hannu ya iya ɗauka ya zama kayan hannu. Ina! Da haka ne da an shiga da buhun gero.

Mutum biyu ne ke da iko da jakar nan kuma kowa da abin da ya dame shi. Kamfanin jirgi ruwansa nauyi da girma. Emirates da Qatar da Ethiopian kilo 7 suke ba mai ƙaramin tikiti, Turkish kilo 8, girma kuwa yawanci bai wuce wajen santimita 55 a tsayi ba har da tayoyi da mariƙi. Su kuma jami'an tsaro masu na'urar haska kaya ba ruwansu da sikeli, abin da ke ciki suke dubawa, shi ya sa za ka ga mutum ya wuce wajen awo lafiya lau yana murna, can gaba a ƙwace masa turaren da ya fi tikitin motarsa tsada.

Maganar ruwa-ruwa ita ce uwa uba. Tun 2006, bayan an bankaɗo wani shiri a Landan na tarwatsa jiragen da ke zuwa Amurka da sinadarai a kwalaben lemo, aka kafa dokar mililita 100. Kowace kwalba kada ta wuce haka, kuma duka a haɗa su a leda ɗaya mai gani har hanji wadda ba ta wuce lita 1 ba. Girman kwalbar ake kallo fa, ba abin da ya rage a ciki ba, in kwalbar 200 ce ko ɗan ƙasa-ƙasa ya saura sunanta ƙwatacciya. Kuma ruwa a wajensu ba na sha kaɗai ba ne, duk abin da ke zuba ko ake shafawa ya shiga: zuma, manja, man shanu, man goge baki, man shafawa, humra. Ni dai zuma ta fi ba ni tausayi, mutum ya yi takanas ya samo mai kyau zai kai tsaraba. Maganin sha da madarar jariri ana ɗaga musu ƙafa in ka nuna. Wasu filayen Turai masu sabbin na'urori sun fara sassautawa, amma in za ka canza jirgi a hanya, filin da ya fi tsanani shi za ka yi wa shiri.

Zamzam ma ruwa ne a idon na'ura. Jarkar lita 5 da aka naɗe ba ta hannu ake bi da ita ba.

Almakashi, reza, wuƙa ko ƴar ta yankan lemo ce, babbar jaka.

Fawa bank kuma akasin haka ne, kuma nan mutane da yawa ke juya abin. Shi ba a yarda a sa shi a babbar jaka ba sam, saboda batirin litiyam in ya kama wuta a can ƙasan jirgi babu mai gani da wuri, a sama kuwa ma'aikata za su farga. Iyakarsa 100Wh (ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka, ana rubuta shi a jikinsa) ba tare da neman izini ba, mai 20,000mAh wajen 74Wh ne don haka bai kai iyakar ba, amma in rubutun jikinsa ya goge ana iya hana ka tunda ba yadda za su tantance. Emirates ma tun Oktoban 2025 sun hana caji da shi a cikin jirgi, ɗaya tak za ka ɗauka ka ajiye.

Kilishi na'ura ba za ta yi ƙara a kansa ba, amma kwastan na Ingila da Amurka ba sa barin nama ya shiga, goro kuma kowace shekara sai hukumar alhazai ta ja kunne kada a kai shi Saudiyya.

Ni tawa jakar fasfo ne, kuɗi, magani, caja, laftof a sama-sama don ana cewa a fito da shi, sai kaya kala ɗaya, saboda babbar jaka kan yi nata yawon ta iso bayan kwana biyu, kai kuma ga ɗaurin aure gobe da safe.