Kumburin jijiyoyin jini a yara da alaƙarsa da ƙwayoyin bairas

Kumburin jijiyoyin jini, wanda dokitoci ke kira baskulaitis, wani rukunin cututtuka ne da bangon jijiyar da jini ke bi yake kumbura, ya yi kauri hanyar ta ƙuntata, ko ya yi laushi ya buɗe kaman balan-balan. A yara guda biyu ne suka fi yawa, cutar Kawasaki da kuma wadda ake kira IgA baskulaitis (IgA wani nau'in garkuwar jiki ne). Duk biyun ba a ɗaukansu daga wani yaro zuwa wani, amma sau da yawa bayan mura ko ciwon maƙogwaro suke biyowa, shi yasa ake ta zargin bairas. Yadda masana suka fahimta dai, ba ƙwayar cutar ce ke cin jijiyar da kanta ba, garkuwar jikin yaron ce ta tashi faɗa, faɗan ya ƙare ita bata tsaya ba sai ta koma kan jijiyoyinsa.

Cutar Kawasaki ta samo suna daga Tomisaku Kawasaki, wani likitan yara a Japan da ya fara ganinta a 1961, sannan a 1967 ya wallafa bayanin yara 50. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta fi kamawa, maza sun ɗan fi mata. Alamarta ta farko zazzaɓi ne mai zafi da ya kai kwana 5 ko fiye, kuma anan matsalar take a unguwanni irin Nima ko Aboabo a Gana, don duk zazzaɓi a wurinmu maleriya ne, sai a je shagon magani a sayo na maleriya da farasitamol, a ba shi kwana uku bai sauka ba a canza wani, kwanaki na ta tafiya. Sauran alamomin su ne idanu biyu su yi ja amma babu kwantsa (nan ta bambanta da apolo), leɓe ya yi ja ya tsattsage, harshe ya yi jajir da ƙananan ƙuraje a kai, tafin hannu da ƙafa su kumbura, kaluluwa ta fito a wuya yawanci gefe ɗaya, sai ƙuraje a jiki. A fatarmu baƙa jan ƙurajen baya fitowa kaman a hotunan littafin likita, sai an duba da kyau a haske. Wani abu da iyaye mata za su iya gani da kansu, tabon allurar BCG ɗin nan na kafaɗa da ake yi wa jariri, a wasu yaran yana sake yin ja ya kumbura. Yaron kuma ga rigima, ko goyo baya lallashinsa. A sati na biyu zuwa na uku fatar yatsu ta fara saɓewa daga bakin farce.

Haɗarinta a zuciya yake. Cikin yara huɗu da ba a yi wa magani ba, kusan ɗaya jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarsa suna buɗewa, jini ya iya daskarewa a ciki ko bayan shekaru. Maganin shi ne IVIG, garkuwa da ake tacewa daga jinin mutane a saka ta ƙarin ruwa, giram 2 ga kowane kilo na nauyin yaro, in an ba shi cikin kwana 10 na farko haɗarin yana sauka zuwa wajen kashi 5 cikin 100. Yana da tsada sosai, wannan ba a ɓoye yake ba. Ana haɗawa da asfirin, amma fa likita ne zai rubuta, don asfirin ga yaro mai mura ko ƙarambau na iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Hoton zuciya kuma dole ne, irin wanda ake yi a asibitin Korle Bu a Ankara, babban birnin Gana, ko asibitin Komfo Anokye a Kumasi.

Har yau ba a kama ƙwaya ɗaya aka ce ita ce sanadi ba. Abin da ya sa ake zargin bairas, cutar tana da lokacinta a shekara, ta yi annoba a Japan a 1979 da 1982 da 1986, kuma lokacin da aka rufe makarantu aka sa takunkumi saboda korona yawanta ya ragu a Japan da Koriya ta Kudu. Gado ma na da hannu, yaran gabashin Asiya sun fi kowa kamuwa.

IgA baskulaitis ita kuma da sunan wasu likitocin Jamus biyu aka santa da, Schönlein da Henoch, kafin a canza sunan a 2012. Ƙananan jijiyoyi take kamawa. Yaro ya gama mura, bayan sati ɗaya ko biyu sai ɗige-ɗige masu duhu su fito a ƙafafu da ɗuwawu, in ka shafa za ka ji tudunsu, in ka danna basa ɓacewa, ga ciwon gwiwa da idon sawu, ga ciwon ciki har wani lokaci da jini a bayan gida. Yawanci tana wucewa da kanta cikin wata guda, tana iya dawowa. Ƙoda ce abin lura, shi yasa ake ci gaba da gwajin fitsari da awon hawan jini har wata 6 ko da yaron ya koma makaranta yana ta guje-gujensa, kuma wannan komawar asibitin ita ce mutane suka fi watsarwa.

Inda alaƙar ta fito fili shi ne korona. A Afrilun 2020, likitocin Ingila suka sanar da yara masu alamomi kaman na Kawasaki sati 2 zuwa 6 bayan korona, aka sa wa cutar suna MIS-C. Ita ta fi kama yara manya, da ciwon ciki da gudawa da faɗuwar jini. Akwai kuma wani kumburin da ciwon hanta nau'in B ke jawowa, shi ya ragu a duniya saboda riga-kafi, a Gana allurar tana cikin penta, allurar riga-kafin jarirai da ake yi a wurin awo tun 2002. Ƙarambau ma, duk da ba kasafai ba, yana iya kumbura jijiyar ƙwaƙwalwa har yaro ya samu shanyewar ɓarin jiki watanni bayan ƙurajen sun bushe.