Gadon da ke rikita TeX: tambayoyi da amsoshi

Na girka TeX Live (kunshin manhajojin TeX na tsara rubutu don bugawa) lafiya lau, amma pdflatex, umarnin da ke fitar da PDF, na cewa bai ga article.cls (fayil ɗin tsarin takarda) ba, alhali fayil ɗin yana nan. Me ya faru?

Sau da yawa laifin na gado ne. Duk manhajar da aka tayar a kwamfuta tana gadon kwafin saitunan muhalli (environment variables, wato saituna masu suna da manhajoji ke dubawa) daga wadda ta tayar da ita. A Linux, tagar umarni ta karanta fayil ɗin saitunanta, .bashrc, sai duk abin da ka kira daga cikinta ya ɗauki abin da ke rubuce a can, ko da shekaru biyar ke nan da rubuta shi har ka manta.

To ina ruwan TeX da wannan?

TeX Live na neman fayiloli ta hanyar manhajar bincikenta, kpathsea, wadda ke karanta tsarinta daga fayil ɗin texmf.cnf. Amma idan ta tarar da saiti mai suna iri ɗaya a muhalli, shi take bi, ta yi watsi da na fayil ɗin.

Wanda ya fi cin mutane shi ne TEXINPUTS, saitin da ke jera foldojin da TeX zai duba. Mutum ya rubuta TEXINPUTS=/home/aiki/salo don TeX ya ga foldarsa, bai sa ruwa biyu a ƙarshe ba. Shi ke nan, ya goge hanyoyin asali gaba ɗaya, TeX ba zai leƙa ko'ina ba sai wannan folda. Da ya rubuta /home/aiki/salo: da an ƙara masa hanyoyin asali a bayanta. A Windows waƙafi mai ruwa ake sawa. Abin yana ba ni takaici ƙwarai, domin alama ɗaya tak kan sa mutum ya sake girka manhaja mai nauyin gigabayit da dama a banza.

Me ya sa aikin ke tafiya a edita amma ya ƙi a tagar umarni?

Iyayensu daban ne. Editar da ka buɗe da linzami yawanci ba ta bi ta .bashrc ba, don haka gadonta daban.

Na sabunta TeX Live, amma tsohon ne ke amsawa.

Duba PATH (inda kwamfuta ke neman umarni) da TEXMFCNF (inda ake neman texmf.cnf). Kowace shekara da foldarta, misali /usr/local/texlive/2023, kuma wataƙila har yanzu ga tsohuwar foldar suke nuni.

Ta yaya zan kama mai laifin?

Rubuta env | grep TEX ka ga abin da ka gada. Sai kpsewhich article.cls, umarnin da ke nuna inda TeX ke samun fayil ɗin: idan bai fito da komai ba, hanyar ta toshe. Gwada env -u TEXINPUTS pdflatex takarda.tex, wato tayar da pdflatex ba tare da TEXINPUTS ba. In ya tafi, nemo layin a .bashrc ko .profile ka gyara, sannan ka buɗe sabuwar taga (in a .profile ne, ka fita daga asusunka ka sake shiga), domin tsohuwar tana riƙe da tsohon kwafi.