Iyaye, a duba lemon kwali kafin a sayo maganin gudawa

Akwai yaran da ake kawo mana asibiti da bayan gida ruwa-ruwa da kumburin ciki, alhali ba zazzaɓi, ba amai, suna ta wasansu. Kafin a zo ma an riga an ɗura musu Flagyl daga kemis. In ka bi diddigi sai ka tarar yaron na shan lemon tuffa na kwali safe da yamma, ko yana yini da cingam a baki.

Abin da ke jawo wannan sau da yawa wani sinadari ne mai suna sorbitol. Halittarsa a cikin 'ya'yan itace take, musamman tuffa da fiya irin ta Turai. Wani masani ɗan Faransa, Boussingault, ya fara gano shi a 1872. Masana na sa shi a dangin alkohol saboda yadda ƙwayoyinsa suke a haɗe, amma ba ya bugarwa ko kaɗan, kada hankalin kowa ya tashi. Zaƙinsa bai kai na sukari ba, wajen kashi 60 cikin 100 ne, kuma ba ya ruɓar da haƙori. Shi ya sa kamfanoni ke zuba shi a cingam da alewar masu ciwon suga, da man goge baki, da maganin tari na ruwa. A jikin kwalin irin waɗannan kaya za ku ga sunansa ko lambar E420.

Matsalarsa ɗaya ce: hanji ba ya iya tsotse shi duka. Ragowar sai ta gangara babban hanji, ta jawo ruwa daga jiki ta tara a can, ƙwayoyin cikin hanji kuma su yi ta cinta suna fitar da iska. Babban mutum ma giram 20 na iya murɗa masa ciki, balle ɗan shekara biyu.

Jaririn da bai cika shekara ba, kada a ba shi lemon kwali sam. Daga shekara 1 zuwa 3, kada ya wuce rabin kofi a yini, kuma gara a yanka masa tuffar ya ci. Yaron da ke gudawa kuwa, lemo ƙara masa ita yake yi. A ba shi ORS, wato ruwan gishiri da sukari, da zinc, a ci gaba da nono da abinci.

In kun ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko amai ba tsayawa, ko ido ya faɗa, ku kawo shi asibiti a ranar.