Ma'anar lafiyar ƙwaƙwalwa da marubutan da suka faɗaɗa ta

A duk ranar 10 ga watan Oktoba ana jin kalmar lafiyar ƙwaƙwalwa a gidajen rediyon Damagaram, amma yawancin masu saurare suna ɗaukar cewa ana maganar mahaukacin da ke yawo a kasuwa ne kawai. Abin ya fi haka faɗi. A wurin Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka fi sani da OMS a Nijar, mai lafiyar ƙwaƙwalwa shi ne wanda yake iya jure wahalhalun rayuwa na yau da kullum, ya yi karatu ko sana'arsa, kuma ya amfani jama'arsa. Saboda haka matar da ta daina barci da cin abinci bayan haihuwa, da saurayin da tiramol ya kama, da wanda ya tsere wa rikici yake firgita cikin dare, duk maganar ta shafe su, ko da babu wanda ya yaga rigarsa a cikinsu. Hukumar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da irin wannan lalura.

Wannan ma'ana ta samu ne daga hannun mutanen da suka kula da marasa lafiya kuma suka zauna suka rubuta abin da suka gani. Masu cewa ilimin na Turawa ne ya kamata su san Abu Zaid al-Balkhi, masani Musulmi ɗan yankin Balkh, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya. A littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin ɗan'uwa ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, wanda ya ce tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar magani. Ya yi bayani a kan tsoro da fushi da waswasi, har ya shawarci mai lafiya ya tanadi tunani nagari tun kafin musiba ta zo, kamar yadda ake ajiye magani a gida. Malik Badri, ɗan Sudan da ya rasu a 2021, shi ya fassara sashen littafin da ya yi wannan bayani zuwa Ingilishi, bayan ya daɗe yana jan kunnen masanan halayya Musulmi kada su kwaso ra'ayoyin Yamma ba tare da tacewa ba.

Frantz Fanon kuwa likitan ƙwaƙwalwa ne, wato mai izinin rubuta magani, saɓanin masanin halayya da aikinsa ya fi karkata ga saurare da gwaji da shawara. Ya kama aiki a asibitin Blida na Aljeriya a 1953, yaƙin neman ƴanci ya riske shi a can, kuma a littafinsa Les Damnés de la terre na 1961 ya kawo labarin majinyatan da aka azabtar har da ɗan sandan da ya yi azabtarwar, duka hankalinsu ya taɓu. Da wannan ya nuna cewa zalunci da kansa yana haifar da ciwo.

A ganina, wanda ya fi kusa da rayuwarmu shi ne Thomas Adeoye Lambo na Najeriya. A 1954 ya fara saukar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowane da ɗan'uwan da zai kula da shi, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin maimakon ya kore su. Rubuce-rubucensa a kan wannan tsari sun kai sunansa nesa, har ya zama mataimakin shugaban OMS. Henri Collomb, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Faransa, ya bi hanya mai kama da wannan a asibitin Fann na Dakar, inda aka kafa mujallar Psychopathologie africaine a 1965.

A Damagaram ma iyali kan fara zuwa wurin malami a yi ruƙiyya ko a sha rubutu kafin a nufi asibiti, kuma da wuya a ga majinyaci ba tare da mai jinya ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne littattafan wannan fanni da Hausa, domin kusan duk waɗanda aka ambata sai mai Larabci ko Faransanci ko Ingilishi ne zai iya karanta su.