Zinariya Ba Ta Gudu Daga Rami

A wuraren haƙar zinariya irin su Anka da Maru da Birnin Gwari, an daɗe ana cewa zinariya dukiyar aljanu ce, wai idan aka saɓa musu sai su janye ta cikin dare. Hujjar masu faɗin haka: ramin da ya ba da arziki jiya, yau ko ƙwaya babu.

Ramin kan ƙafe kam, amma babu inda zinariyar ta je. Shekaru miliyoyi da suka wuce, ruwa mai tsananin zafi ya ratsa tsagogin duwatsu a ƙarƙashin ƙasa, da ya huce sai ya bar jijiyoyin farin dutse masu ɗauke da zinariya. Jijiyar nan ba miƙaƙƙiya ba ce. Takan yi kauri nan, ta tsuke can kamar zare, wani wurin ma tsagewar ƙasa ta gutsure ta, ragowar ta koma gefe ko ƙasa. A cikinta ma zinariyar curi-curi take, shi ya sa wani ya dace, maƙwabcinsa da ke taku biyar ya tashi a tutar babu.

Turawan mulki ma sun haƙi zinariya a ƙasar nan. An fara haƙar zinariya a hukumance a Najeriya wajen 1913, ta bunƙasa a shekarun 1930, ta durƙushe lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanonin yau kuwa sai sun huda ƙasa a wurare da dama, sun auna samfurin dutse, kafin su zuba kuɗi.